Yadda Ake Alkakin Sallah da na Gara, Tun Daga Ɓarzar Alkama

A unguwarmu, Tudun Wada ta Kaduna, ranar Sallah baƙo ba ya tashi ba a ajiye masa faranti ba. Cincin kowa na yi, dubulan ma ba a rasa shi, amma alkaki ba kowane gida ake samunsa ba, kuma inda aka samu sau da yawa saye aka yi. Mata da yawa suna jin tsoronsa saboda sun taɓa gwadawa ya watse musu a cikin mai, ko ya fito da tauri kamar tsakuwa. Ni ma haka na fara. Wajen goggona, ƙanwar mahaifinmu da ke aure a Zariya, na koya, kuma tun daga lokacin na yi shi a Sallah, na yi na suna, na yi na garar ƙannena. Abin da na gane shi ne alkaki yana lalacewa ne a wuri biyu: wajen mai inji da kuma kan wuta. Idan kika kiyaye waɗannan, sauran aikin hannu ne kawai.

Ki sani tun yanzu, aikin kwana 3 ne. Rana ɗaya ta gyaran alkama, rana ɗaya ta ɓarza da kwaɓi, rana ɗaya ta suya. Idan na ƙaramar Sallah ne, kada ki jira sai an shiga zancen ganin wata, domin ba ki san ko azumi 29 za a yi ko 30 ba, ga kuma layin da ake yi a wajen masu inji a kwanakin nan. Ni tun azumi na 22 ko 23 nake wanke alkamata.

Kayan da za ki tanada

Mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka da ƙaramin gwangwanin madarar ruwa zan yi miki awo. Wannan awon yakan ba ni alkaki matsakaita kusan 50.

- Alkama gwangwani 8. Ki nemi mai ƙwaya cikakkiya, wadda ƙwari ba su huda ba. Ana samunta wajen masu hatsi a Kasuwar Barci da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ko Kasuwar Kawo ranar Talata. Ki ɗebo kaɗan a tafin hannu ki shinshina. Idan kin ji warin ajiya ko kin ga gari yana zuba daga cikinta, ki bar ta.
- Fulawa gwangwani 1, ta ajiye ce, ba lallai ki yi amfani da ita duka ba.
- Man gyaɗa gwangwani 1 na murzawa. Idan da hali, ki yi rabi man gyaɗa rabi soyayyen man shanu, ƙamshin daban ne.
- Nono mai tsami gwangwani 2.
- Kanwa ungurnu, ɗan gutsure kamar ƙwayar dabino.
- Gishiri, ɗan abin da yatsu 3 za su ɗauka.
- Sukari gwangwani 6.
- Tsamiya sili 3, ko lemun tsami 2.
- Man suya, kamar lita 2.
- Kanumfari 4 ko 5, ga mai so.

Kayan aiki kuwa: roba babba mai murfi, rariya, turmi da taɓarya, tire ko faifai 2, kasko mai zurfi mai kaurin gindi, tukunyar dafa sukari, matsami, da kwandon tsanewa. Kaskon nan ki kula da shi. Mai sirin gindi yana ɗaukar zafi da wuri, ya ƙona miki ƙasan alkaki alhali cikinsa ɗanye.

1. Gyaran alkama

Ki tsince ta, ki yayyafa mata ruwa kaɗan ki surfa sama-sama, ba irin surfen dawa ba, kawai don ɓawon saman ya saki. Ki bakace, ki wanke, sannan ki rege ta sosai. Alkamar kasuwa ba ta rasa tsakuwa da yashi, kuma babu abin da ke zubar da darajar alkaki kamar baƙo ya tauna ya ji ƙaras. Ni sau 2 nake regewa.

Ki baza a tabarma ko kan buhu mai tsabta ta bushe ƙarau. Da rani yini ɗaya ya isa. Da damina, musamman cikin Agusta da ruwa ke wuni yana sauka a Kaduna, takan kai kwana 2, sai ki shanya a ɗaki ƙarƙashin fanka kina motsa ta. Gwajin shi ne ki ciji ƙwaya ɗaya: idan ta fashe da ƙara, ta bushe. Idan ta lotse, da saura, kuma idan kika kai ta inji a haka za ta cuɗe ta manne.

2. Ɓarza

Nan ne wurin da nake so ki tsaya da ƙafarki. Kada ki aiki yaro.

Alkaki ba da garin alkama ake yinsa ba, kuma ba da tsaki mai girma irin na dambu ba. Tsakani ake so: idan kika murza tsakanin yatsu ki ji shi kamar yashi mai laushi, da ɗan gari-gari a cikinsa. Tsakin shi ke ba alkaki garas-garas ɗin nan da ƙofofin da sukari zai shiga, garin kuma shi ke riƙe shi kada ya rabu.

Shekarar da na fara yin na gara, na ƙanwata, yaro na ba ya kai inji. Ya dawo da gari lilis kamar na tuwo, mudu guda da rabi. Na rasa yadda zan yi, na kwaɓa a haka. Abin da ya fito ya yi kyau a ido, amma sukari bai shige shi ba, sai ya tsaya a baya kawai, cikin kuwa ƙul kamar cincin ɗin da ya kwana biyu. Goggo ta ɗauki ɗaya ta karya, ta duba cikinsa, ta ce, "'Yar nan, wa ya kai miki niƙa?" Daren nan muka sake wanke wata alkamar.

Tun daga nan ni nake zuwa. Abin da nake cewa mai inji shi ne, "Malam, ɓarzawa za ka yi mini, ba niƙa ba. Ya fi tsakin dambu laushi, amma kada ya zama gari." Sannan in ce ya fara zuba gwangwani ɗaya in gani kafin ya juye sauran. Ki kuma tambaye shi abin da ya niƙa kafin ki. Idan barkono ne ko kayan yaji, ki jira a wuce da hatsin wani tukuna.

Idan kin dawo, ki tankaɗe da rariya mai ɗan faɗin ido don ki fitar da dusa da manyan ɓarɓashi. Manyan ki daka su a turmi ki mayar. Kada ki zubar da garin da ya fita, da shi za a kwaɓa.

Wadda ba ta samu alkama ba, ko lokaci ya ƙure mata, tana iya amfani da Semovita, tunda shi ma daga alkama ake yinsa kuma girman ƙwayarsa ya kusa da abin da ake so. Yana yi, na gwada. Sai dai launinsa ya fi haske kuma ƙamshin alkamar gargajiya ba ya fitowa sosai. Na cin gida zan yarda da shi, na gara kuwa ban ba ki shawara ba, domin tsofaffin gidan miji suna ganewa.

3. Murza mai da kwaɓi

Ki juye ɓarzajjiyar alkamar a roba, ki sa gishiri, ki zuba man nan gwangwani 1. Ki murza da tafukan hannu biyu har mai ya ratsa ko'ina, babu inda ya rage fari. Ki dunƙula kaɗan a hannu: ya kamata ya haɗu, idan kika taɓa shi kuma ya wargaje. Kada ki ƙara mai don kina son ya yi taushi. Mai idan ya yi yawa shi ne babban abin da ke sa alkaki narkewa a kasko.

Sai ki zuba nono ki cuɗa, ki riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan, kamar gwangwani 1 zuwa 2, har ya haɗe ya yi tauri kamar kwaɓin cincin, ko ya ɗan fi shi laushi. A wannan matakin za ki ga kamar ruwan ya ɗan yi yawa. Ki bar shi, tsakin zai shanye cikin dare.

Idan babu nono mai tsami, yogot marar sukari yana maye gurbinsa. Idan shi ma babu, ki jiƙa yis cokalin shayi 1 a ruwan ɗumi ki kwaɓa da shi, ki ɗan ƙara ruwan tsamiya don tsamin ya fito.

4. Kwana

Ki shafa mai a saman kwaɓin, ki rufe robar, ki ajiye a wuri mai ɗumi ya kwana. Abin da ake nema abu biyu ne: tsakin ya jiƙu ya yi laushi, kwaɓin kuma ya yi tsami.

Yanayin gari shi ke yanke tsawon lokacin. A zafin Maris da Afrilu, idan kin kwaɓa bayan isha'i, da hantsi ya yi. A hunturu, cikin Disamba da Janairu, yakan nemi kwana 2, sai ki lulluɓe robar da tsohon bargo ko ki ajiye ta kusa da murhu. Alamarsa: idan kin buɗe ƙamshin tsami zai bugi hancinki, saman ya ɗan tsage, idan kin tsaga cikin za ki ga ƙananan ƙofofi. Ki ɗanɗana kaɗan a harshe. Tsami mai daɗi ake so irin na ƙullun waina, ba wanda ke sa a yamutsa fuska ba. Cikin azumi sai ki tsara yadda wannan gwajin zai faɗo bayan shan ruwa. Ni dama suyar alkakin ƙaramar Sallah da dare nake yi, bayan an sauko daga asham, gari ya yi sanyi, yara sun kwanta.

Tun daren kwaɓi ki jiƙa kanwarki a rabin gwangwanin ruwa, ki jiƙa tsamiya a wani kofin daban.

5. Kanwa da kirɓi

Ki tace ruwan kanwa, na saman kawai, ki bar laka a ƙasa. Ki zuba cokali 2 a kan kwaɓin ki cuɗa, ki ɗanɗana. Idan har yanzu tsamin yana da ƙarfi ki ƙara cokali ɗaya. Aikin kanwa shi ne ta kashe kaifin tsamin, kuma haɗuwarsu ce ke sa kwaɓin ya saki ya yi sakayau idan ya shiga mai. Da kaɗan-kaɗan ake sa ta. Idan ta yi yawa kwaɓin zai koma ja-ja, alkakin ya yi baƙi da wuri a wuta, ya riƙa ɗanɗanon sabulu, kuma wannan ba shi da gyara sai dai ki ƙara wani kwaɓin a kai. Wadda ba ta da kanwa ta sa bekin hoda cokalin shayi 1.

Yanzu sai turmi. Ki shafa masa mai, ki zuba kwaɓin kashi-kashi ki kirɓa har ya yi danƙo, ya daina tsinkewa idan kin ja shi. Kirɓin nan mutane da yawa suna tsallake shi, alhali shi ke haɗa tsaki da gari su zama abu ɗaya. Idan kina gidan haya na sama inda ba a daka, ki ɗora a kan tire ki yi ta cuɗawa da gindin tafin hannu, kamar minti 15. Da gajiya, amma yana yi.

Kafin ki fara naɗi, ki mulmula ɗan kaɗan kamar igiya ki lanƙwasa. Idan ya lanƙwasu bai karye ba, ya yi. Idan yana tsagewa, ki yayyafa ruwa ki ƙara kirɓi. Idan yana manne wa hannu, nan fulawar da kika ajiye za ta yi amfani, ki barbaɗa cokali-cokali.

6. Naɗi

Ki shafa mai a hannu da kan tire. Ki gutsuro kwaɓi kamar girman ƙaramin lemun tsami, ki mulmula shi ya zama igiya mai kaurin ƙaramin yatsa, tsawon taƙi ɗaya ko ya ɗan fi. Ki naɗe a yatsu biyu kamar gammo, ko ki murɗa tsakiya ya yi kamar lamba 8, sannan ki manne bakin da kyau. Bakin da bai mannu ba shi ke fara warwarewa a mai.

Su zo kai ɗaya gwargwadon iko, don su soyu tare. Na gara ana yinsu manya don su cika ido a cikin kwalla, amma ke da kike farawa ki yi matsakaita, sun fi saurin soyuwa har ciki. Ki jera a tire ki rufe da kyalle, musamman da hunturu, da iska ke busar da abu nan da nan. Wannan aikin ya fi daɗi da mutum biyu ko uku. Mu a gida zama ake yi a tabarma, ana hira ana naɗi.

7. Dafa sukari

Ki dafa shi kafin ki ɗora mai, domin alkaki da zafinsa ake tsoma shi.

Sukari gwangwani 6, ruwa gwangwani 3, ciki har da tataccen ruwan tsamiyar da kika jiƙa. Ki jefa kanumfari. Ki juya har sukarin ya narke, daga nan ki cire ludayi ki bar shi yana tafasa a matsakaiciyar wuta, kamar minti 15 zuwa 20. Tsamiya ko lemun tsami ba don ɗanɗano kaɗai ake sa su ba. Su ke hana sukarin komawa ƙanƙara ya yi fari a jikin alkaki bayan ya huce. Yawan juyawa bayan ya tafasa shi ma yana jawo hakan.

Gwaji: ki ɗiga kaɗan a faranti, ki bari ya sha iska, ki taɓa da babban yatsa da manuni ki buɗe a hankali. Idan ya ja zare ɗaya siriri, ya yi. Idan babu zare, ruwa ne, zai jiƙa alkakin ya yi lagwab kuma ba zai daɗe ba. Idan zaren ya yi kauri yana ƙamewa, ya wuce, ki ƙara ruwa kaɗan ya sake tafasa. Ki sauke ki ajiye kusa da murhu, ya kasance da ɗumi.

Mai zuma tana iya amfani da ita, ita ce ma ta asali a wajen tsofaffi. Ki ɗumama ta kawai ta saki, kada ki tafasa. Saboda tsadarta ni nakan dafa sukarin yadda na faɗa, in na sauke in zuba zuma gwangwani 1 a ciki.

8. Suya

Ki zuba mai ya kai zurfin da alkaki zai nutse. Ya yi zafi, sannan ki rage wuta. Ki jefa ɗan gutsuren kwaɓi: idan ya nutse ya ɗan jima sannan ya taso da ƙananan kumfa, zafin ya yi daidai. Idan ya taso nan take yana ja, mai ya yi zafi da yawa, ki sauke ya huce.

Ki fara soya guda ɗaya tak. Wannan ɗayan shi zai gaya miki gaskiyar kwaɓinki. Idan ya watse, mai ko kanwa ta yi yawa, ko ɓarzar ta yi girma: ki mayar da naɗaɗɗun cikin turmi, ki ƙara fulawa, ki sake kirɓawa. Da ciwo a warware aikin da aka gama, na sani, amma ya fi ki yi asarar kwaɓi da mai gaba ɗaya. Idan ya riƙe jikinsa, ki ci gaba.

Kada ki cika kasko. Idan kin zuba, kada ki taɓa su sai ƙasan ya ƙame, kamar minti 3 ko 4, sannan ki juya a hankali. Kowane zubi yana cin minti 10 zuwa 15. Alkaki ba ƙosai ba ne, so ake ruwan cikinsa ya ƙone sarai, shi ya sa yake daɗewa bai lalace ba. Za ki ji ƙarar man tana raguwa, kumfa ta yi ƙasa, launin ya koma ruwan zuma mai duhu. Ki karya ɗaya daga zubin farko ki duba: cikin ya zama a bushe, babu danshi a tsakiya.

A kan gas rage wuta abu ne mai sauƙi. A kan gawayi ki bari ya ruru ya kwanta tukuna, ki ajiye toka kusa don rufe shi idan ya yi ƙarfi. Itace ya fi wahala, sai kina zare shi kina mayarwa. Ko wanne ne, ki kori yara daga wurin, domin ga tafasasshen mai ga sukari mai zafi, kuma ƙunar sukari ta fi muni tunda mannewa yake a fata. Hannunki da matsami su kasance a bushe.

Tsakanin zubi da zubi ki kwashe ɓarɓashin da ya zauna a mai, in ba haka ba zai ƙone ya ɓata na baya da ɗaci.

9. Tsomawa

Daga mai, ki ɗan tsane shi a matsami, ki zuba kai tsaye cikin sukari. Za ki ji yana ɗan tsuwa yana shan sukarin. Ki danna su su nutse, ki juya, ki bar su minti 3 zuwa 5, wato kafin zubi na gaba ya kusa fitowa. Sai ki kwashe a kwando, ki sa faranti a ƙasa ya tari abin da ke ɗiga ki mayar tukunya. Idan alkakin ya huce kafin ki tsoma, sukari ba zai shige shi ba. Idan kin bar shi ya daɗe a ciki, zai yi laushi ya fara karyewa.

Yayin da kike tafiya sukarin zai riƙa kauri. Ki ɗiga ruwan zafi kaɗan ki mayar kan wuta minti ɗaya ko biyu.

10. Ajiya

Ki baza su a tire su huce sarai, har jikinsu ya daina manne wa yatsa sosai, ya rage sheƙi kawai. Ni kwana nake barinsu, a rufe da kyalle marar nauyi. Wanda aka rufe da ɗumi gumi yake yi, gumi kuma shi ke kawo fumfuna.

Ki jera a samira ko bokitin roba mai murfi, busasshe. Idan ya soyu yadda ya kamata yana yin makonni, kuma ya fi daɗi bayan kwana 2, lokacin da sukarin ya gama ratsa shi. Da damina ki riƙa dubawa, danshi yana rage masa kwana. Kada ki sa a firji, tauri yake yi. Kiyashi kuwa sai kin yi musu dabara: ki ɗora mazubin a cikin tire mai ɗan ruwa, kada ya jingina da bango.

Idan na gara ne, ki ninka awon yadda kike buƙata, amma ki kwaɓa kashi-kashi a robobi daban, kada ki haɗa mudu 5 wuri guda, domin idan kanwa ta zarce a ɗaya, sauran sun tsira. Wajen jerawa, manya masu kyan naɗi su ne a sama. Waɗanda suka karye ki ware wa yaran gida da waɗanda suka taya ki naɗi. Sauran sukarin da ya rage a tukunya ki tace shi ki zuba a kwalba, yana shiga kunun tsamiya ko ki tsoma dubulan a ciki idan za ki yi shi washegari.